Ranar da Rediyo Ya Yi Shiru

Duk wanda ya san ƙwallo ya san cewa ɗan wasan tsakiya da ido yake fara wasa, ƙafa daga baya take zuwa. Kafin ƙwallo ta iso gare shi ya riga ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu, ya san wanda ke tahowa a guje da wanda ke tsaye yana hamma, ya kuma san inda zai tura ta. Wanda bai waiwaya ba, sai dai ya ji an ɗauke ƙwallon an bar shi yana harare-hararen alƙalin wasa. A wannan fanni babu na biyun Madubi a ƙungiyarsu. Magoya baya ne suka laƙaba masa sunan tun yana sabon zuwa, wai sai ka ce an ɗaura masa madubin mota a kafaɗa. Sunan ya bi shi har gida, har surukarsa ma, in ta sha'afa, da shi take kiransa.

To, Madubin nan ya yi wata da watanni ba ya ganin hagunsa.

Abin ya faro daga gwiwar hannun wani mai tsaron baya, a wani wasa da ko maki ba su samo ba. Idon ya kumbura, kumburin ya sauka, kowa ya manta. Shi kaɗai ya san cewa wani duhu ya zauna a gefen idon, kamar an ja labule rabi an tafi an bar shi. Gabansa yana gani tas. Amma abin da ke gefen hagu, sai ya juya kansa gaba ɗaya. Bai kai kukansa ga likitan ƙungiya ba, wanda kowa ke kira Likita kawai. Ya saka hula ya sauke ta har gira, ya tafi can ƙarshen gari wurin wani likitan ido, ya zauna a layi cikin tsofaffi. Mutumin ya haska, ya sake haskawa, ya ce an makara, abin da ya tafi ya tafi.

"Wace sana'a kake yi?" in ji shi.

"Tela ne ni," in ji Madubi.

"To ka gode wa Allah. Tela gabansa yake kallo."

Da ya fito sai ya tsaya a bakin titi, ya rasa ta inda zai tsallaka. Ya san abin da zai biyo baya in maganar ta kai kunnen Likita. Ba mugunta ba ce, aikinsa ne: ba zai sa hannu mutumin da ba ya ganin gefe guda ya shiga tsakiyar fili ba, inda ake zuwa wa mutum ta ko'ina. Kuma babu ƙungiyar da za ta ɗauke shi bayan nan. Ga shi ya haura talatin, makaranta kuwa tun a tsakiya ya ajiye ta ya bi ƙwallo. In ka cire masa riga mai lamba, bai san abin da zai ce shi ne ba. Wannan tsoron ne yake kwana da shi, yake tashi da shi.

Mutum biyu suka san sirrin. Ɗaya matarsa, wadda yake kira Malama saboda koyarwa take yi. Ɗayan kuma Rediyo.

Rediyo shi ne abokin aikinsa a tsakiya, mai tsayawa baya kaɗan yana share masa hanya. Ƙato ne, ya girme shi da 'yan shekaru, kuma bakinsa ba ya hutawa. A mota yana magana, a wurin atisaye yana magana, a banɗaki ma ana jiyo shi yana gardama da wanda ba ya nan. A fili kuwa ba a cewa komai: ya zagi nasa, ya tsokani na wasu, ya tambayi alƙalin wasa lafiyar iyali. Shekara da shekaru ɗaki ɗaya ake ba su in an yi tafiya. Lokacin da Madubi yake gwauro a gidan Rediyo yake cin abinci, matar Rediyo ce ma ta raka shi ya zaɓi kujerun gidansa na farko, ta hana shi sayen wasu jajaye masu kama da na ofishin 'yan sanda. Yaya yake kiranta, ita kuma ta ce ƙanena.

Ba faɗa wa Rediyo aka yi ba. Wata rana a wurin atisaye ya jefo masa gorar ruwa ta hagu, ta daki kunnensa. Washegari ya sake jefowa, da gangan, ta sake dukansa. Da aka tashi ya ja shi bayan motar ƙungiya, ya tsare shi har sai da ya faɗi gaskiya. Madubi ya zaci zai ce su tafi wurin Likita. Sai Rediyo ya daɗe yana sosa gemu.

"To ni ne hagunka," ya ce. "In mutum na zuwa ta can, zan ce hagu. In ba ka ji na ce hagu ba, juya abinka, hanya ce. Wa zai tsinci kalma ɗaya a cikin surutuna?"

Babu wanda ya tsinta kuwa. Madubi ya ninka waiwayensa, abin da ya rage kuma Rediyo ya cike. Abin dariya, har masu sharhi a talabijin suka shiga yabonsa, suna nuna wa matasa yadda kansa ba ya zama wuri ɗaya, wai ga abin koyi. Shi kuwa duk wasan da aka tashi lafiya ji yake kamar ya tsallake rijiya, kuma ya san akwai wata a mako mai zuwa.

Ranar da abin ya faru, wasan gida gare su da la'asar. Malama ce ta tuƙa shi zuwa filin, don tun da ya goge motar da ginshiƙin ƙofar gida ta karɓe makullin. Yana gefenta, jakarsa a cinya, yana ta murza igiyarta.

"Ko shayin ba ka shanye ba," ta ce.

"Bayan wasa."

"Haka ka ce wancan makon, ka dawo ka kwanta da yunwarka." Ta rage gudu a mahaɗar hanya. "Baban yara, har yaushe za ka riƙa aron idon mutum?"

"Bari kakar nan ta ƙare."

"In ta ƙare wata ta kama. In aka ba shi jan kati fa? In mura ta kama shi muryar ta dishe?"

"Rediyo?" Ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. "Ko an rufe masa baki ta hanci zai yi."

Ba ta taya shi dariyar ba. A ƙofar 'yan wasa ta tsaya, ta gyara masa wuyan riga, ta ce Allah ya tsare. Ya ce amin.

Ɗakin sauya kaya yana warin man zafi da jiƙaƙƙen safa kamar kullum. Likita na zagayawa da almakashi da bandeji, siririn mutum mai furfura wanda ba ya yawan magana amma ba abin da ke wuce shi. Ya yi wa Madubi magana ta hagu, Madubi ya juyo da dukkan jikinsa.

"Wuyanka ne ke ciwo?" in ji Likita.

"Kwanciya ce na yi ba daidai ba."

"Kwanciyar nan ta daɗe ba ta daidaita ba."

Ya tsaya yana dubansa. Madubi ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ya riga ya ɗaure. Sai ga Rediyo daga can ƙarshen benci ya ɗaga ƙafa sama yana kiran Likita, wai cinyarsa ta riƙe, wai an bar tsoho zai mutu ana ta lallashin yara. Likita ya tafi. Madubi ya ji gumi na gangarowa ta bayan kunnensa tun ba a fita ba.

Wasan ya yi tauri. Baƙin sun zo da niyyar kare gida, suka cika tsakiya da mutane, ko'ina ka juya gwiwa ce da kafaɗa. Muryar Rediyo ce ke ratsa hayaniyar. Hagu, in ji shi, Madubi ya mayar da ƙwallo baya da taɓawa ɗaya. Hagu, ya kauce, mutum ya wuce shi yana zamewa a ciyawa. Wani lokacin ba a ce komai ba, ya juya ya sami fili a buɗe. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, aka dawo, lokaci ya ja, 'yan kallo suka fara tsaki.

Akwai abin da ba a rubuta a dokar ƙwallo ba, amma duk wanda ya taɓa saka takalmi ya san shi. In mutum ya faɗi faɗuwar gaske, ba ta neman bugun tazara ba, to wanda ƙwallo ke ƙafarsa shi ke fitar da ita waje a duba shi, ko da raga ce a buɗe a gabansa. Ba a jiran usur. Wanda ya ƙi, sunansa ya ɓaci a wurin nasa da na waje. Madubi kansa ya sha yin haka, har an taɓa tafa masa a filin abokan hamayya.

Golan baƙin ya ɗaga ƙwallo sama. Rediyo ya tafi tarar ta da ka, shi da dogon ɗan wasan gabansu, can baya kaɗan ta hagun Madubi. Aikin Madubi a irin wannan ba kallon masu tsalle ba ne, neman inda za ta sauka ne. Ya waiwaya dama, ya ga babu kowa kusa. Ya ji wata ƙara kamar an haɗa ƙwarya biyu, bai ba ta muhimmanci ba. Ƙwallon ta faɗo daidai ƙafarsa. Ya kasa kunne.

Ba a ce hagu ba.

Ya juya ta hagun, ya tura ƙwallon gaba, ya bi ta. Hanya ce kuwa, irin wadda bai gani ba tun da aka fara wasan. 'Yan bayan baƙin sun tsaya cak, hannuwa a sama. Bai yi mamaki ba, 'yan baya kullum hannunsu a sama yake, ko satar gida suke nema ko laifin da ba a yi ba. Ya ji ana ta ihu, amma ihu ai shi ne fili, kuma ya daɗe da koya wa kunnensa murya ɗaya tak. Ya ratsa tsakanin mutum biyu ba wanda ya miƙa ƙafa. Golan ya fito yana nuni da hannu can bayansa. Madubi ya duba kusurwa, ya shimfiɗa ta a ƙasa, raga ta motsa.

Daɗi ya ɗebe shi. Ya kwasa a guje zuwa tutar kusurwa, hannuwa a buɗe, nauyin watannin nan duka ya sauka daga ƙirjinsa. Ya zube a gwiwa yana jiran a danne shi kamar yadda aka saba.

Ba wanda ya zo. Shewar 'yan kallo ma rabi ce, kuma tana mutuwa. Mutanen da ke kujerun gaba suna kallonsa, wata mata ta rufe baki da hannu, wani dattijo cikin rigar ƙungiyarsu yana girgiza kai. Madubi ya miƙe ya juya, a hankali, da dukkan jikinsa.

A tsakiyar fili an yi cincirindo. Likita na durƙushe. Dogon ɗan wasan baƙin yana zaune dafe da kai. Ɗayan kuwa yana kwance a miƙe, ba ya motsi, kuma Madubi ya gane takalman.

Bai san yadda ya isa wurin ba. Kafin ya kai, baƙin suka tare shi, wannan ya ture, wancan ya ture. Kyaftin ɗinsu ya kawo fuskarsa dab da tasa.

"Naka ne fa," ya ce. "Ko naka ba ka tsaya wa ba."

Nasa 'yan wasan suka raba, amma ba wanda ya dube shi. Alƙalin wasa, da yake ƙwallon ya bi da ido bai busa ba, ya nuna tsakiya: ci ya tabbata. Aka ɗora Rediyo a gadon ɗauka, jini na zuba ta gefen bakinsa, muƙamuƙin ya karkace. Sai a lokacin abin ya faɗo wa Madubi. Ba kalmar hagu kaɗai ce bai ji ba. Bai ji komai ba. Mutumin da bai taɓa rufe baki ba ya yi tsit, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin izini.

Koci ya fitar da shi nan take. Yana tafiya benci magoya bayansu, nasu na gida, suna yi masa ihun tir. Da wannan ƙwallon suka ci wasan.

A ɗakin sauya kaya ba a kunna kiɗa ba. Bencin da suke cunkushewa a kai ya yi masa faɗi, an bar masa wuri dama da hagu. Golansu, wanda tare suka zo ƙungiyar, ya ɗauki tawul ya wuce ta gabansa kamar bai san shi ba. Can aka ce Koci na kira.

Ofishin Koci ɗan ƙarami ne, tebur da allo da kujera biyu. Mutum ne mai tumbi da gajeren haƙuri, amma yana son Madubi, don shi ke sa tsarinsa ya yi kama da na mai hankali.

"Ya farfaɗo a mota," ya ce. "Muƙamuƙi ya karye, za su yi masa aiki. Kai kuma gobe da rana za ka zauna gaban 'yan jarida. Ka ce zafin wasa ne ya ɗebe ka, ka ga raga ka manta da komai. Ka ba da haƙuri. Shi ke nan."

"In na ce ban gan shi ba fa?"

Koci ya dube shi, sannan ya juyo masa da wayarsa. Hoton ya riga ya zagaya duniya. Ga Rediyo ya faɗi. Ga Madubi ya juya ta wajensa, ya wuce dab da kansa, har ciyawar da takalminsa ya tono ta zuba masa a fuska. An maimaita wurin a hankali, an zagaye shi da jan layi.

"Kai, Madubi, ka ce ba ka gan shi ba?" in ji Koci. "Wanda zai yarda da wannan sai in ya yarda makaho ne kai. Kada ka ɗora ƙarya a kan laifi. Mutane suna yafe wa mai kwaɗayin ci, ba sa yafe wa mai raina musu hankali. Za su zage ka na ɗan lokaci, ka ci wata ƙwallon, su manta. Rigarka tana nan, ba wanda zan ba."

Abin kunya, kuma gara a faɗe shi: sauƙi Madubi ya ji. Ba wanda ya gano. Duniya ta kalli hoton nan ta ga mugu, ba ta ga mai ido ɗaya ba. Ƙofar da ya zaci ta rufe tana nan a buɗe, abin da ake nema kawai ya sunkuya ya shiga da sunan da aka ba shi. Ya ce to, Koci. Ya fita yana ƙyamar kansa, amma bai koma ya janye ba.

Da safe bai iya karyawa ba. Malama ta tura yara gidan ƙanwarta, ta kashe talabijin, ta kife wayarsa a kan firji don ta daina haske. Yana zaune a kicin da rigar da zai saka gaban 'yan jarida a rataye a bayan kujera.

"Na kira matar Rediyo ba ta ɗauka ba," in ji Malama. "Na sake kira ta kashe."

"Tana asibiti ne."

"Tana asibiti tana kallon abin da kowa ke kallo." Ta zauna a gabansa. "Me za ka ce musu?"

"Abin da Koci ya ce."

"Wato ka gan shi."

"Rediyo ya san gaskiya. Ya ishe ni."

"Rediyo an ɗaure masa baki da ƙarfe, sai bayan makonni. Kuma ko an kwance, ka san ba zai tona ka ba, ko matarsa ba zai gaya wa ba. Haka za ta zauna da shi a ranta. Kuma wa zai riƙa ce maka hagu ranar wasa mai zuwa?"

Wannan tambayar ce ya kwana yana gudu. Ya ce zai ƙara waiwaye, zai roƙi Koci ya matsar da shi gefen layi, zai san dabara. Yana faɗa yana jin yadda maganar ba ta da ƙafa. Malama ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki makulli ta ce ya tashi su biya asibiti tukuna, ba zai je gaban 'yan jarida bai ga mutumin ba.

A harabar asibitin ta ce zai fi kyau ya shiga shi kaɗai. Ya hau bene, ya bi dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa. Wata ma'aikaciyar jinya ta gane shi, ta nuna masa ɗakin da haɓa, ba ta amsa gaisuwarsa ba. A bakin ƙofar ya tsaya yana goge tafin hannunsa a wando, sannan ya tura.

Gadon yana can ta dama, kusa da taga. Likita na tsaye a ƙarshensa, da alama a nan ya wayi gari. Rediyo na jingine da matasai, an naɗe masa kai da haɓa, fuskar ta kumbura har idanun sun ƙanƙance. Madubi ya gaida Likita, ya wuce kai tsaye ya kama hannun abokinsa. Ya shirya maganganu a mota, duk suka gudu.

"Sannu," ya ce. "Sannu, babban yaya."

Rediyo ya matse hannunsa. Ya ɗaga gira, ya yi wani gurnani ta hanci, da alama tsokana ce ta maƙale ba hanyar fita. Madubi ya ji hawaye na neman zubo masa. Don ya kore su sai ya gyara murya ya dubi Likita.

"Ina Yaya? Ta koma gida ne?"

Hannun Rediyo ya sandare a cikin nasa. Likita ya ɗago kai a hankali.

"Ga ni," aka ce.

Ta hagunsa muryar ta fito, kusa ƙwarai. Ya juya. Tana zaune a kujerar roba jikin bango, in ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗarta. Kayan jiya ne a jikinta, idanunta sun yi ja, rigar wasan mijinta mai jini tana cikin leda a cinyarta. Tun shigowarsa tana nan.

"Jiya ka wuce shi, yau kuma ni," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Me muka yi maka? Ka gaya min, don na kwana ina nema ban samu ba. A gidana ka ci, a gidana ka sha. Na ce ko da duniya za ta taru a kanka ni zan ce ba halinka ba ne. Sai na kalla da idona. Na sake kalla. Yanzu kuma ka shigo ka tsaya a kaina kana tambaya ina nake."

Rediyo ya shiga dukan ƙarfen gado da ɗaya hannun. Ya ja Madubi ya juyo gare shi, yana girgiza kai iya yadda bandejin ya bari, idanunsa na nuna Likita, suna dawowa. Ma'anar a fili take: rufe bakinka.

Kuma akwai mafita. Tana kan harshensa ma. Zai iya cewa ki yi haƙuri Yaya, hankalina ne ba ya jikina, ban yi barci ba. Kowa zai karɓa. Likita zai yi zargi, amma zargi ba hujja ba ne. Daga nan zai tafi ya zauna gaban 'yan jarida, ranar wasa ya saka rigarsa. Zuciyarsa na bugawa har yana jin ta a cikin idon. Ya tuna ƙamshin ciyawa in an yi mata ruwa, da yadda ƙwallo ke zama a ƙafarsa in ya tare ta daidai. Bai taɓa son wani abu kamar yadda yake son wannan ba.

Ya zare hannunsa daga na Rediyo. Ya juya gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Yaya, ban gan ki ba," ya ce. "Shi ma jiya ban gan shi ba. Idon nan ba ya ganin gefe. Ya daɗe. Shi ne yake gaya min in mutum na zuwa, in ya yi shiru in wuce. Jiya ya yi shiru."

Ta dube shi, ta dubi mijinta. Rediyo ya daina dukan gadon. Ya juya fuska wajen taga, ƙirjinsa na hawa da sauka, hawaye na shiga cikin bandejin.

Likita ya zagayo ya tsaya a hagun Madubi.

"Kalli tagar can, kada ka juya. Rufe na daman da hannu." Aka ɗan jima. "Me nake yi yanzu?"

"Ban sani ba, Likita."

"Yanzu fa?"

"Ban sani ba."

Ya ji mutumin ya sauke numfashi. Da ya buɗe idon ya juyo, Likita na mayar da farin hankici aljihu, fuskarsa ta tsufa.

"Da ka zo wurina tun farko," ya ce, sai kuma ya bar maganar. "Ba za ka je wurin 'yan jarida ba. Ni zan yi musu bayani."

Ya ciro waya ya fita baranda, bai ja ƙofar ta rufu ba. Suna jin takunsa, suna jin ya tsaya. Suna jin ya ce, Koci, ni ne, ka zauna tukuna. Sannan ya ce a fara neman wani a tsakiya, a'a, ba na mako ɗaya ba.

Madubi na tsaye a tsakiyar ɗakin, hannuwansa a sake, bai san inda zai ajiye su ba. Yaya ta ajiye ledar a ƙasa. Ta miƙe, ta ɗauki kujerar robar, ta zagayo da ita ta damansa inda zai gan ta.

"Zauna," ta ce.